Rumbun Tarihi: Aikin Sa Kai da Ya Shafi Manoma

 A wannan fitowa mun ajiye maganar taki da iri, domin mu yi magana a kan wani rumbu dabam, wato inda ake adana tarihi da harshe da hikimar dattawa.

In an ce sa kai a ƙasar Birnin Gwari, hankali yakan tafi ga masu tsaron gari. Ba su muke nufi ba. Muna nufin mutanen da sukan haɗa kansu, ba albashi, domin raya karatu da rubutu da tarihi a yankinsu.

Ga misalai. A Kano, cikin shekarun 1970, mawallafan waƙa sun kafa ƙungiyar Hikima, suna taruwa suna karanta waƙoƙinsu, har a gidan rediyo. Daga baya marubutan ƙungiyar Raina Kama, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, suka riƙa taimakon juna wajen buga littattafai, ba su jira gwamnati ba. A 1981 kuma Chinua Achebe ya jagoranci kafa Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda ke da rassa a jihohi, har da Kaduna. Ƙarfinsu duka ɗaya ne: kowane reshe ya san ƙasarsa, yana kuwa aiki da abin da ke hannunsa.

Me ya kawo wannan magana cikin jaridar manoma? Dalili shi ne, shekarun 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a gefen dajin Kamuku da Kuyambana. Gonar da aka bari za a iya sāke nome ta. Amma tsohon da ya san iyakar gonakin dangi, da rafin da ba ya ƙafewa da rani, da sunayen itatuwan magani da harshen Gbagyi ko Kamuku, in ya rasu a gudun hijira, ya tafi da saninsa. Gwamnati ta keɓe dajin Kamuku tun 1936, ta kuma mai da shi gandun ƙasa a 1999, amma takardunta ba su ɗauke da abin da ke kan tsofaffinmu. Sa'ad da mutane suka koma kufai, rashin sanin iyaka yakan haifi rigima tsakanin 'yan'uwa.

Ga yadda ƙungiyar manoma za ta fara:

1. A zaɓi mutum uku ko huɗu, a sa mace daga zumuntar mata da saurayi mai iya rubutu.

2. A sayi littafin rubutu mai ƙarfin bango daga asusun ƙungiya. In akwai waya mai ɗaukar murya, a yi amfani da ita, amma sai da yardar mai magana.

3. A ziyarci dattijo ɗaya kowane mako, musamman bayan kaka. A tambaye shi asalin ƙauye, jerin masu sarauta, shekarun yunwa da yadda aka tsira, da irin dawa da gero na dā.

4. A rubuta sunan wuri da ranar hira. Abin da aka faɗa da Gbagyi a rubuta shi da Gbagyi, sa'an nan a fassara.

5. A yi kofe biyu, ɗaya a ikilisiya, ɗaya a wani gari dabam, gama wuta da gara ba su san tarihi ba.

Kada kowa ya shiga daji saboda wannan aiki, kada kuma a rubuta zargi a kan wani. A nemi maƙwabtanmu Musulmi da Fulani makiyaya, domin su ma suna riƙe da rabin labarin, kamar inda burtali ya bi tun dā.

In rassa sun yi yawa, sai wakilansu su haɗu sau ɗaya a shekara su gwada abin da suka tara. Za a iya neman shawara a Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna domin adana tarihin Arewa.

Mu tuna da Joshuwa, wanda ya sa aka jera duwatsu goma sha biyu bayan haye Urdun, domin yara su tambaya a ba su labari. Dattawanmu suna nan da rai yau. Mu je mu tambaye su tun ba mu makara ba. Allah ya taimake mu.