Cindo ba laifin uwa ba ne

Idan aka haifi jariri da yatsu shida, a zangon Salaga ne ko Yendi ko Bawku, kafin a yanka ragon suna an riga an yanke wa uwa hukunci. Wata ta ce ai ta yi wa gurgu dariya tana da ciki, wata ta ce ta fita da tsakar rana ta gamu da iska, wata kuma ta ce ta tsaya kallon husufin wata da tsohon ciki. Lissafin kwanaki kaɗai ya isa ya rushe wannan zance. Hannu da ƙafa suna fara tsirowa ne a mako na 4 da shigar ciki, lokacin ɗan tayi bai fi ƙwayar shinkafa ba, kuma zuwa mako na 8 yatsu sun riga sun rabu. A lokacin mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba. Abin da ta gani a wata na bakwai ba zai ƙara yatsan da aka gama ƙirgawa tun wata na biyu ba.

Masu wannan ƙirga su ne ƙwayoyin gado, rabi daga uba rabi daga uwa. Akwai wasu 39 da ake kira Hox, suna cikin masu tsara jerin ƙashin baya da bambanta dantse da tafin hannu. Hannu yana farawa ne a shimfiɗe kamar tafin agwagwa. Daga gefen da ƙaramin yatsa zai fito wani sinadari ke bazuwa, yawansa a kowane wuri ke nuna wane yatsa zai tsaya a nan, wata ƙwayar gado mai suna GLI3 kuma tana taka masa birki. Daga baya naman da ke tsakani ya narke, yatsu su rabu. Idan birkin ya ɗan saki sai a samu na shida. Idan naman bai narke ba sai a haifi yaro da yatsu a manne. Masu cewa abin yana bin dangi sun yi gaskiya, kuma ƙarin yatsa a gefen ƙarami ya fi yawa a tsakanin baƙar fata. Ba banza ba Bahaushe ya tanadar masa suna tun kaka da kakanni, wato Cindo.

Wani zai ce, in gado ne, ya aka yi dogayen iyaye suke haifar wada? Nau'in wadancin da ya fi yawa yana zuwa ne daga sauyi a ƙwayar FGFR3, wadda aka gano aikinta a wannan larura a 1994, kuma kusan kashi 80 cikin 100 sabon sauyi ne da babu shi a jikin iyayen. Bincike ya nuna yana faruwa ne a maniyyin uba, yana kuma ƙaruwa da shekarunsa. Wani kuma zai ce, ashe abin da uwa ta yi ba ya tasiri ke nan? Yana yi, amma ta hanyar abin da ya shiga jininta a farkon ciki. Maganin thalidomide da aka riƙa ba masu laulayi har zuwa 1961 ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, da yawansu hannuwa ko ƙafafu guntaye. Darasin shi ne a guji shan magani barkatai, a kuma fara zuwa awo da wuri. Mai cewa Allah ne ke halitta ma bai yi kuskure ba. Sanin sababi ba ya kore ƙaddara.

Camfin nan yana cin rai. A yankin Kasena-Nankana, jiha ɗaya da Bawku, an daɗe ana kashe wasu jarirai masu nakasa da sunan ’ya’yan iska ne, har sarakunan yankin suka shelanta haramta hakan a 2013. Yana kuma cin lokaci. Kusan jariri 1 cikin 1,000 ake haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, kuma hanyar da likita Ignacio Ponseti ya ɓullo da ita tana miƙar da mafi yawansu: ɗaurin filasta da ake sauyawa mako-mako, yawanci da ɗan yanka a jijiyar dunduniya, sai takalma na musamman. Ta fi ci idan an fara cikin makonnin farko, ƙafa na da taushi, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ma cindon, kada a ɗaure shi da zare ko a kira wanzami kafin likita ya duba ko akwai ƙashi a ciki. Kwanakin da ake ɓatawa wajen tuhumar mai jego su ne waɗanda ya kamata a ce jaririn yana hannun likita a Yendi, Bawku ko babban asibitin koyarwa na Tamale.