Faifan CD da ke jan ƙafa a makarantarmu ta Hawata

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, musamman bayan katsewar intanet a faɗin Sudan a watan Fabrairun 2024, tsofaffin faifan CD da muka jibge a kwali suka sake yin daraja. A cikinsu darussan lissafi da karatun Alƙur'ani suke, kuma tsohuwar kwamfuta ɗaya tal muke da ita a makarantarmu, mai Windows XP.

Kwatsam sai ta fara jan ƙafa. Da an saka faifai, murya ta riƙa sarƙewa, kibiyar allo ta ƙame. Na ɗauka ta zo ƙarshe ke nan. Wani tsohon ɗalibina mai gyaran waya a kasuwa ya duba, ya ce, "Ustaz, lafiyarta ƙalau, ta koma PIO ne."

Ashe hanya biyu ce ake kwaso bayanai daga faifai. A PIO, ƙwaƙwalwar kwamfuta ce da kanta ke ɗauko su kaɗan-kaɗan, tamkar mai gonar riɗi a Gadarif ya bar lissafi da sallamar ma'aikata ya koma dakon buhuna. A DMA kuwa, bayanan na wucewa kai tsaye zuwa ma'adana, ita tana can tana wani aikin. PIO mafi sauri bai wuce megabait 16.7 a daƙiƙa ba, UDMA 2 na kai 33.3, amma ni a ganina ba nan gizo ke saƙar ba; wahalar da ƙwaƙwalwar ke sha ita ce matsalar.

Windows XP na ƙirga kura-kuran karatu, in suka kai shida sai ta rage gudu, a ƙarshe ta sauka PIO ta zauna. Faifanmu kuma ƙurar rani ta gama kankare su. Laifin namu ne, ba mu taɓa saka su a jaka ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Linux ke yi. Direbanta mai suna libata, wanda Jeff Garzik ya fara rubutawa, yana duba kowane umarni daban. In tsawon bayanan bai rabu da 16 daidai ba, sai ya bi ta PIO, domin na'urori da yawa kan shaƙe da irin wannan a DMA. Tambayar sunan na'ura, wadda amsarta bait 36 ce, ta PIO take bi. Karatun faifai mai bait 2048 kowane yanki kuma DMA ke ɗauka.

Yaron ya cire direban hanyar IDE, ya kashe ya kunna, DMA ta dawo. Faifan da suka rage mun goge su da tsumma mai laushi, biyu daga cikinsu dai sun riga sun mutu.