Tampol a Taga: Me Zai Tare, Me Ba Zai Tare Ba?

Duk wanda ya yi damina a cikin birnin Kano ya san yadda hadari ke zuwa. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, da la'asar sakaliya ko cikin dare, gabas ta yi baƙi ƙirin, gari ya yi tsit, sai iska ta kece da ƙura da ledoji da duk abin da ta tarar a hanya. Ruwan da ke biyo baya ba a miƙe yake sauka ba, a karkace yake zuwa, yana dukan bangon gabas. Magina na da sun san da wannan. Shi ya sa tsofaffin gidajen ƙasa na Yakasai suke da bango mai kauri da 'yar taga can sama kusa da azara, ƙofar ɗaki kuma a sakar mata asabari. Yau an rushe da yawa an ta da bene na bulo, an buɗe tagogi manya masu gilashi. Lungu na kare ɗakunan ƙasa, domin gini ya tokare gini, amma ɗakin sama ya fito fili, babu abin da ke tsakaninsa da iska. Can ne ake kwana tsane katifa.

A jihar Filorida ta Amurka, suturar taga ta yadi sana'a ce mai zaman kanta. Bayan mahaukaciyar guguwar Andrew ta watan Agustan 1992 ta ragargaza dubban gidaje a kudancin Mayami, an tsaurara dokar gini, har ya zama kafin a amince da abin kare taga sai an harba masa katako mai nauyin kusan kilo 4 da gudun kimanin kilomita 55 a awa, a ga ko zai huda. Akwai yadudduka na zaren roba mai tsananin ƙarfi da ke cin wannan jarrabawa. Hikimar ita ce kada iska ta sami ƙofar shiga: idan taga ta fashe, iskar da ta cika ɗaki tana tura rufi daga ciki, ta waje kuma tana jan sa sama, sai ka ga kwano ya tashi. Wannan darasi ya shafe mu, ganin yadda iska ke yaye rufi a unguwannin Kano kowace shekara. Masu cewa a buɗe taga "don iska ta wuce" su daina. A rufe ko'ina shi ne daidai.

Sai dai a faɗi gaskiya tun da wuri. Tampol ɗin da za ka samu a kasuwa ba wancan yadi ba ne. Zai tare feshin ruwa, zai tare ƙura, zai rage wa gilashi dukan tsakuwa. Fallen kwanon da ya ɓalle daga rufin maƙwabci kuwa yanka shi zai yi ya wuce. Wanda ke tsoron wannan, marfin katako ko na ƙarfe zai je ya yi wajen kafinta ko mai walda.

To wane iri za a saya? Mafi araha shi ne shuɗin nan mai ƙyalli, wanda saƙar leda ce aka shafe. Araha ba ta ado. Ranar Kano na cin sa, bayan 'yan watanni ya koɗe, ka murza shi ya riƙa zubar da gari. Ɗaga shi ka kalli rana ta cikinsa. In kana ganin ɗigo-ɗigon haske, ruwa ma zai ga hanya. Tsohuwar banar talla ko ta 'yan siyasa, wadda ke yawa bayan kowane zaɓe, ta fi shi tare ruwa, amma da ta sami 'yar tsaga sai ta bi ta har ƙarshe. Kanbas na auduga yana da kirki ta wani fanni: yana numfashi, ɗaki ba ya zama tanda, zarensa kuma na kumbura idan ya jiƙe ya toshe ƙofofin saƙar. Aibinsa funfuna. Ka naɗe shi da danshi a watan Agusta, mako guda ya yi baƙi-baƙi yana wari.

A ganina, wanda ya fi dacewa da tagar bene mai kallon gabas shi ne tampol ɗin mota, irin wanda ake rufe kayan tirela da shi. Zare ne a tsakiya, roba ta lulluɓe shi ciki da waje, murabba'in mita ɗaya kan kai giram 600 ko fiye, ga shi da wuyar yagewa. Ba sai an je nesa neman misali ba. Dubi Adaidaita Sahu idan hadari ya haɗo a titin Ƙofar Mata: direba ya kwance maɗauri biyu, labulen gefe ya sauko, ya ɗaure shi a ƙasa, fasinja ya tsira. An ɗauke ruwa, a naɗe shi sama. Masu ɗinka wannan labule su ne mutanen da ya kamata ka kai wa awon tagarka, domin sun san ninka baki, sun san sa zoben ƙarfe a ramin igiya, suna da keken da ke cin kauri. Ka ce a ƙara taƙi guda a kowane gefe, don tampol ya hau kan bango, kada ya tsaya daidai bakin taga.

Amma yadi rabin magana ne. Yawancin tampol ɗin da iska ke ɗaukewa ba yagewa ya yi a tsakiya ba, maɗaurinsa ne ya saki. Ƙarfin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: gudu ya ninka biyu, dukan ya ninka huɗu. Iska mai gudun kilomita 100 a awa na danna kowane murabba'in mita da nauyin da ya kusa kilo 50, wato buhun siminti guda. Ƙusa huɗu a kusurwa huɗu ba za su riƙe wannan ba, balle a bangon ƙasa, inda ƙusa ke sukurkucewa da zarar danshi ya shiga, ta fito da ɓarin yaɓe, ta bar ramin da ruwa zai bi ya ci ginin. A gidan ƙasa, jikin katakon taga ake kamawa, ba bango ba. A gidan bulo, a danne bakin sama da siririn katako, a ɗaure shi da noti a jikin kankaren saman taga. A ƙasa a ɗinka aljihu a zura rodi ko bututun ƙarfe, sannan a ɗaure gefe-gefe a ƙarfen tagar, tazarar taƙi ɗaya zuwa biyu. A ja shi ya yi tsam. Tampol mai sako-sako faɗa yake yi da iska, fat-fat-fat, har ya tsinke zobbansa, wani lokaci ma rodin ƙasan ne ke komowa ya fasa gilashin da aka ce ya kare. A kuma bar ɗan fili tsakaninsa da gilashi, saboda yana lotsawa ciki.

A bene akwai ƙarin tambaya: wa zai sake shi da ƙarfe biyun dare? In sai an kafa tsani a lungu, to ba za a sake shi ba. A yi shi yadda hannu zai kai ta cikin ɗaki, yadda uwargida ko yaro mai wayo zai iya. A duba kuma inda ruwan ke tsiyaya. A unguwar da katanga ke haɗe da katanga, tampol mai zuba a gindin bangon maƙwabci ƙara ce a gaban mai unguwa.

Ƙofa kuwa a yi hattara da ita. Labulen tampol a ƙofar ɗaki ko bakin baranda ya zama mai kwancewa daga ciki cikin daƙiƙa kaɗan, saboda gobara. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska na juyowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na Cadi, mutane sai su toshe ko'ina su shigo da kaskon gawayi. Hayaƙin gawayi da na janareta yana da gubar da ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci, tampol ɗin roba kuma ba ya barin iska ta fita. Don ƙura, kanbas ko labule mai kauri ya isa, a bar wata kafa a buɗe.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Afrilu ne lokacin awo da ɗinki, kafin layi ya yi tsawo wajen masu tampol. In damina ta ɗauke a Oktoba, a sauke shi, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau, a naɗe shi a jikin sanda maimakon ninkewa, domin a kan layin ninki yake fara tsagewa.