Gidan Tarihi na Bubu Hama da Haƙƙin Yaran Karkara

An buɗe Gidan Tarihi na Ƙasa a Yamai a shekarar 1959, wato kafin Nijar ta sami 'yancin kai, bisa haɗin gwiwar Bubu Hama, masanin tarihi wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974, da Pablo Toucet, mai binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, wanda ya zama daraktansa na farko. Tun daga tushe an tsara gidan domin ya karantar da jama'ar da yawancinta ba ta shiga makarantar boko ba, shi ya sa aka haɗa zaurukan baje kolin tufafi da kayan kiɗa da gidan namun daji da rumfunan maƙera, dukawa da masaƙa a fili guda mai faɗin kadada 24, inda mai ziyara yake ganin abu da idonsa, kuma yana iya tambayar mai sana'a kai tsaye.

Ɓangaren kimiyya shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. A nan ake ajiye ƙasusuwan da suka zama dutse saboda daɗewa a ƙasa, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas, inda Bafaranshe Philippe Taquet ya yi bincike tun daga tsakiyar shekarun 1960. Daga cikinsu akwai na Ouranosaurus, wata katafariyar dabba mai cin ganye daga jinsin dinosor, da na wani tsohon kada mai suna Sarcosuchus, kuma dukansu sun rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin da yake hamada a yau yake cike da koguna. Akwai kuma busasshen icen Tenere, wanda ya daɗe shi kaɗai a tsakiyar rairayi kafin mota ta kayar da shi a 1973, sannan akwai zauren yuraniyom, ma'adinin da ake haƙa a Arlit.

Darasin da waɗannan kayayyaki suke koyarwa, cewa yanayin ƙasa yana sauyawa kuma dausayi yana iya komawa fako, babu wanda ya fi buƙatarsa kamar ɗan manomi a Ɗan Gulbi ta gundumar Dakoro a jihar Maraɗi, wanda iyayensa suke fama da ƙarancin ruwan sama da gajiyar gonakin hatsi. Abin takaici shi ne tsakaninsa da Yamai akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma kuɗin mota kaɗai ya fi ƙarfin yawancin magidanta. Ya kamata hukumomin ilimi da na al'adu su riƙa kai hotuna da kwaikwayon waɗannan ƙasusuwa makarantun karkara na jihar Maraɗi, tare da bayani da harshen Hausa, domin gidan na 'yan ƙasa ne baki ɗaya.