Abin Da Ƙasa Ta Ɓoye: Tsofaffin Kuɗi Da Ƙarafa A Ƙaura, Shinkafi Da Zurmi

Kwanan baya wani malamin firamare daga wajen Zurmi ya zo mini da wani kuɗin azurfa a ƙulle cikin ƙyalle. Ya ce wani ɗan ajinsa ne ya tsince shi sa'ad da su ke sharar gona da mahaifinsa. A fuska guda akwai surar wata mace da lulluɓi, a ɗayar kuwa ga mikiya mai kai biyu, ga kuma shekara, 1780. Malam har ya riga ya gaya wa yara kuɗin nan ya girmi jihadin Shehu da shekara ashirin da huɗu. Na ce da shi, "Malam, a wace gona aka same shi, a zurfin nawa, kuma tare da me?" Sai ya yi shiru. Yaro bai faɗa ba, shi kuwa bai tambaya ba. Wannan shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna wannan al'amari da malamai da akawuna.

Ba abin mamaki ba ne a riƙa tsintar irin waɗannan abubuwa a wannan yanki. Kufan Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci wajen 1762 a zamanin Babari, yana kusa da Isa, ba nisa da Shinkafi. Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808, tana arewa da nan. Matafiyin nan Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824, Barth kuma a 1853, domin hanyar fatake daga Katsina zuwa Sakkwato ta nan ta ratsa. Daga baya, a 1929, hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda, ta tsaya nan, kantunan sayen gyaɗa da auduga suka biyo ta. Inda duk aka yi yaƙi, aka ci kasuwa, aka yada zango shekara da shekaru, lalle ƙasa ta haɗiye wani abu.

A da sai garma ko zaizayar ruwa ke tono su. Yanzu kuwa akwai na'urar gano ƙarfe, wadda masu neman zinariya suka yawaita a Zamfara. Wani hafsan sojan Polan, Kosacki, ya ƙera irinta a 1941 don neman nakiyar da aka binne, aka kuwa yi aiki da ita a yaƙin El Alamein a Masar a 1942. Faifai ne a bakin sanda, da waya naɗe a cikinsa. In an ratsa da shi bisa ƙarfe, sai ta yi ƙara a kunnen mai riƙe da ita. To, iyakar saninta ke nan. Ƙarar da za ta yi wa gwangwanin madara ba ta da nisa da wadda za ta yi wa munduwar shekara ɗari uku. Tukunya da wuri da dutsen wuya kuwa ba ta jin su sam. Sanin abin da aka tono aikin mai ilmi ne.

Bari mu fara da kuɗin malam. Wannan shi ne liyari, kuɗin Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Fataken Sahara da na Bahar Maliya sun amince da shi ƙwarai, har ba su karɓarsa in an sāke masa kama. Saboda haka aka ci gaba da buga shi bayan rasuwarta da wannan shekara ɗaya tak, a Biyana da London da Roma da Bombai da wasu birane, har cikin ƙarni na ashirin. Watau liyarin da aka buga a 1936 shi ma 1780 ke jikinsa. Nauyinsa giram 28 ne, mafi yawansa azurfa. Sa'ad da Barth ya ke Kano a 1851, ana canja guda da wuri 2,500. Da an san cewa na malam ya fito daga cikin tukunyar wuri a gindin tsohuwar ganuwa, da mun ce ajiyar zamanin wuri ce. Yanzu kuwa ba mu da ta cewa, ko a kakar bara wata ta yar da shi daga abin wuyanta.

Kuɗin Turawa sun fi sauƙin ganewa, gama shekararsu gaskiya ce. An hana shigo da wuri a 1904, aka fito da kwabo da anini a 1907, masu huda a tsakiya, da tauraro mai kusurwa shida, da rubutun Larabci. Aninin farko na alminiyam ne, mara nauyi, amma ya riƙa ruɓewa, sai aka sāke masa ƙarfe a 1908. Wanda ya sami mai sauƙin nan ya sami abin adanawa. In ka ga kalmar NIGERIA tare da BRITISH WEST AFRICA, na shekarun farko ne, domin daga 1912 an cire ta. Sule da fataka masu bishiyar kwakwa sun fito a 1913, na azurfa, amma daga 1920 aka koma buga su da ƙarfe mai ruwan ɗorawa saboda tsadar azurfa. Ɗan ƙaramin harafi H ko KN alama ce ta ma'aikatar da ta buga shi a Birmingham ta Ingila. Akwai kuma kwabon 1936 mai sunan Edward na Takwas, sarkin da ya yi murabus kafin ya cika shekara. A Ingila kanta ba a kashe kuɗi da sunansa ba, amma a nan an kashe. Kada wannan ya ruɗi kowa: an buga su da yawa, darajarsu ta tarihi ce, ba za su sayi sa ba. Kuɗin Tarayyar Nijeriya sun zo a 1959, naira da kwabo kuma ran 1 ga Janairu, 1973.

Haka nan maɓallin soja ko bajo mai bishiyar kwakwa. In haruffansa WAFF ne, ya riga 1928. In akwai R a gaba, bayan nan ne, domin a shekarar aka ƙara wa rundunar wannan harafi. Mai yiwuwa na wani ne daga cikin kakanninmu da suka je Bama.

Wahalar tana ga kayan maƙeranmu na gida: munduwa, likkafa, linzami, kan mashi, bakin kibiya. Ba shekara a jikinsu, ba sunan sarki. Launi kan taimaka kaɗan, gama azurfa baƙi ta ke yi, tagulla kore, baƙin ƙarfe kuwa tsatsa. Amma babban mashaidinsu shi ne wurin da suka kwanta, da zurfinsa, da katangar tukunya ko gawayin da ke tare da su. Masana na iya auna shekarun gawayi. In an fizge abu daga wurinsa an yar da sauran, an kashe shaidar ke nan, ba ta kuma dawowa.

Mun ga misalin duka biyu a ƙasar nan. A 1943 wani akawun ma'adinai ya ɗauki wani kan mutum-mutumi na yumɓu ya kafa a gonarsa don korar tsuntsaye. Da ya isa hannun Bernard Fagg, aka bi sawunsa, shi ya buɗe ƙofar sanin mutanen Nok, waɗanda suka rayu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. A Kwatarkwashi kuwa, nan kusa da Gusau, cikin shekarun 1990 aka yi ta tonon irin waɗannan kaya ana sayar wa dillalai, suka watsu ƙasashen Turai, ba wanda ya rubuta inda aka tono kowanne. Kuɗin da aka karɓa ya daɗe da ƙarewa.

Shari'a ma ba ta yi shiru ba. Tun 1953 akwai dokar kayan tarihi, a 1979 kuma aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Doka ta hana tonon kayan tarihi, ta hana fita da su ƙasar waje, sai da izinin hukumar. Mallakar na'ura ba izini ba ne.

Ga abin da na ke roƙon malamai da akawuna. Kowace makaranta ta tanadi littafi guda. In an kawo abu, a rubuta rana, da sunan gona ko kufai, da zurfi, da abin da aka gani tare da shi. A ɗora takarda a kai a goga da fensir, ko a ɗauki hoto da rula a gefe. Kada a wanke da lemun tsami ko toka ko yashi, domin su ke cinye rubutu. Kada a kai wa maƙeri, gama liyari nawa aka narke aka yi zobe? A shaida wa dagaci da hakimi, akawu kuma ya rubuta wa gidan tarihi mafi kusa, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sa'an nan a ja kunnen yara ƙwarai: kowa ya san wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa wannan yanki, kada wani ya shiga daji don neman tsohon kwabo, kuma duk ƙarfen da ya yi kama da harsashi a bar shi inda ya ke, a gaya wa hukuma.

Malamin Zurmi ya koma, ya nemi yaron, suka je gonar tare da mahaifinsa, ya auna, ya rubuta, ya kuma gyara wa 'yan ajinsa maganar 1780. Shafin farko na littafinsu ke nan. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa sauran makarantu su yi koyi.