Hasumiyar Gobarau: Abin da Ya Rage na Tsohon Masallacin Katsina

Hasumiyar Gobarau ginin ƙasa ne mai tsayin kimanin mita 15 da ke tsakiyar tsohon birnin Katsina. Ita kaɗai ta rage daga masallacin Juma'ar da aka gina tun farkon kafuwar Musulunci a fadar Katsina. Riwayar gari tana danganta ginin da zamanin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka a matsayin sarkin Katsina Musulmi na farko. Masana sun saɓa a kan shekarun mulkinsa: wasu jerin sarakuna suna kai shi ƙarni na 14, yawancin masu bincike kuwa suna ajiye shi a ƙarni na 15. Ko wanne aka ɗauka, wurin ya haura shekara 500.

Ga mutanen Tasawa da Mayahi da ke ƙetaren iyaka, wannan hasumiya ba kayan wata ƙasa ba ce. Kafin jihadi, Tasawa tana cikin ƙasar Katsina. Da birnin ya faɗa hannun Ummarun Dallaje wajen 1807, tsohon gidan sarauta ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi, inda har yau ake kiran mai sarautar Sarkin Katsina. A ƙarshen ƙarni na 19 Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa da zama. Hanyar da ta haɗa garuruwan ma tsohuwa ce. A watan Janairun 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya tashi daga Tasawa ya bi ta Gazawa da kufan Ɗankama ya shiga Katsina. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ita ce ta mai da wannan tafiya fita waje. Yau 'yan kasuwar yankin sukan bi ta Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya su sari kaya su juya, kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ratsawa unguwar da hasumiyar take.

A zamaninsa, Masallacin Gobarau wurin salla ne, kuma makaranta ce ta manyan ɗalibai. Ana haɗa sunansa da Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, malamin Tilimsan da ya zo ƙasar Hausa wajen 1493, ya zauna a Kano wajen Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma karantar a Katsina. A wannan zamanin ne Jalaluddin as-Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura wasiƙar nasiha daga Masar, abin da ke nuna cewa an san garin har Alƙahira. Bayan su aka yi Aida Ahmad at-Tazakhti, wanda ya riƙe alƙalancin Katsina har rasuwarsa wajen 1529. A ƙarni na 17 Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka yi tashe, kuma har gobe ana ziyartar kushewunsu. Daga wannan gari ne Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, ya fita zuwa gabas ya rasu a Alƙahira a 1741. Ba za a ce dukkansu a zauren Gobarau suka zauna ba, amma nan ne cibiyar da karatun garin ya taso.

Akwai labarin da masu nuna wurin ba sa tsallakewa. An ce lokacin aza harsashi malamai sun yi ta gardama a kan alƙibla, sai wani baƙon malami mai suna Jodoma ya nuna gabas da sandarsa, mutane suka hango Ka'aba ƙiri-ƙiri. Wannan hikaya ce, sai dai tana tuna da wata matsala ta gaske: daidaita alƙibla ba tare da na'ura ba aikin masu sanin rana da taurari ne, kuma garin da ya iya shi yana da malamai.

Abin da mai ziyara zai gani gini ne hawa uku, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, da matakala da ke kai mutum sama. An yi shi da tubali, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, aka ƙarfafa shi da azara ta itacen giginya wadda gara ba ta cika ci ba, sannan aka yaɓe. Kaurin gindin shi ke ɗauke da nauyin, shi ya sa ginin ya zauna daram ba ƙarfe ba siminti. Wanda ya san hasumiyar Agadas, mai tsayin mita 27, zai lura da bambanci nan take. Waccan doguwa ce tsilili da itatuwa a tsire a jikinta, wannan kuwa gajera ce mai faɗi. A da, daga saman hasumiyar Gobarau ladan yake kiran salla, daga nan kuma masu gadi suke hango ƙurar mahara tun ba su iso ganuwa ba.

Kada a ɗauka cewa ƙasar da ake taɓawa yau ita ce wadda maginan Korau suka kwaɓa. Bayan jihadi an mai da sallar Juma'a wani sabon masallaci, Gobarau ya zama kango, damina ta yi ta zaizayarsa har jikin masallacin ya rushe. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, aka tara magina suka gyara abin da ya saura na hasumiyar, kuma an ci gaba da yi mata yaɓe daga baya. Wasu na ganin wannan ya rage mata daraja. Ra'ayin bai yi wa ginin ƙasa adalci ba, domin duk soron da aka daina yaɓewa tsibin ƙasa yake komawa. Masallacin Djenné na Mali ma da yaɓen shekara-shekara yake tsaye. 

Hasumiyar tana cikin jerin wuraren tarihi da gwamnatin Najeriya ke karewa, don haka akan nemi izinin mai kula da wurin kafin a hau. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa da ziyara, ko da yake hazo kan rage nisan hange. Da damina matakalar ƙasa tana santsi, taka ta a jiƙe kuma yana cinye ta. Ba a kankare bango da sunan tubarraki, ba a rubuta suna a jikinsa. Mai sauran lokaci zai iya haɗawa da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda yanzu gidan adana kayan tarihi ce, da Ƙofar Soro a bakin fada, da guntayen ganuwar da suka rage a gefen wasu ƙofofin birni.