Ragi Ko Haraji: Wanne Ne Gaba?

Bara na rubuta wa wani mai shago ƙaramar manhajar lissafin kuɗin kaya da harshen Java. Ba a yi mako biyu ba sai ya kira ni, ya ce rasit ba ya daidaita da littafinsa. Kayan naira 1,000 da ya yi wa ragin naira 100, manhajar tana karɓar naira 975 daga mai saye, alhali naira 967 da kwabo 50 ya kamata. Bambancin kaɗan ne, amma haƙƙin mutane ne, kuma sunan mai shagon ne zai ɓaci.

A manhajar akwai fankshin guda biyu, wato ƙananan umarnai masu karɓar adadi su mayar da wani. Ɗaya yana cire ragi, ɗayan yana ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Na gwada kowanne shi kaɗai, babu kuskure. Ɓarakar tana wurin haɗa su.

Java na cikin harsunan da ke gina manhaja bisa "abubuwa", kowane abu riƙe da bayanansa da ayyukansa, tsarin da ya samo asali daga harshen Simula na ƙasar Norwe a shekarun 1960. Sai a 2014, da fitowar Java 8, aka sauƙaƙa ɗaukar fankshin a matsayin abu mai zaman kansa, a ɗaura shi da wani ta hanyar andThen ko compose. Idan aka rubuta ragi.andThen(haraji), ragi ne ke fara aiki. Idan kuwa ragi.compose(haraji) aka rubuta, haraji ne ke farawa, kamar yadda ɗaliban lissafi suka saba da f(g(x)). Ni na rubuta compose, ina karanta shi daga hagu zuwa dama, sai haraji ya hau kan cikakken farashi kafin ragi.

Duk da haka ban daina wannan salo ba. Da lissafin duka yana cunkushe a dogon umarni guda, da na kwana ina lalube. A nan kalma ɗaya na sauya. Shawarata ga ɗalibai ita ce, kada gwajinku ya tsaya ga guntaye. Ku ɗauki alƙalami ku lissafa amsar da hannu, sannan ku gwada mahaɗar, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai shagon dai ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya, ya mayar wa duk wanda ya samu canjinsa.